Dakta Nata'ala da Awon Hannun Liman

Ranar Laraba, tara ga watan Yunin 2010, da hantsi, ina tsakiyar yanka wa wata baiwar Allah shadda a shagona na Kantin Kwari, sai ƙanena ya faɗo ba ko sallama, ya ce Dakta Nata'ala Ɗalha Gwammaja ya rasu. Na ajiye almakashi, na nemi wuri na zauna a kan dilar atamfa. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, babu wanda zai yi saura. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, irin wanda shi da kansa ya sha warkar da mutane daga gare shi da yardar Allah. Amma wa'adi ya riga ya cika, aka sa jana'izarsa bayan sallar La'asar a ƙofar gidansu.

Nata'ala, abokan aikinka za su rubuta nasu, su jero makarantun da ka yi da takardun da ka samu, kuma sun fi ni sanin wannan. Ni Ado ne, ɗan Malam Ashafa limamin masallacin unguwarmu a Koki, kuma abin da na iya a duniya shi ne auna yadi. Ba na ƙara wa mai saye ko ɗan yatsa, ba na kuma rage masa, haka zan yi wa labarinka. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, masu shaida kuma suna nan da ransu.

Tun muna yara kake takowa daga Gwammaja zuwa zauren Baba ɗaukar karatu. Kai ne mai tambayar da ke hana mu tashi da wuri. Baba zai rufe littafi, mu har mun fara laluben takalma, sai mu ji muryarka daga can kusurwa: "Allah gafarta Malam, to idan kuma mutum ba shi da ikon yin haka fa?" Shi ke nan, an sake buɗe littafi. Wallahi haushinka muke ji. Baba kuwa sai ya gyara zama, don irinka yake so.

Ka tafi ƙasar waje karatun likitan zuciya a zamanin soja, ka daɗe har muka cire rai da kai. Shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula sai ga ka da iyalinka da akwatuna. A lokacin masu irin iliminka fita suke yi, ba shigowa ba. Na ce maka, "Kai kuwa wane tsautsayi ne ya dawo da kai?" Ka ce, "Ado, can in na yi fashi wani zai zauna a kujerata kafin ta huce. Nan fa?" Ban sake yi maka wannan tambaya ba.

Ba zan ce ba ka da hali ba, don mutanen Gwammaja za su ƙaryata ni. Ba ka taɓa zuwa ɗaurin aure a kan lokaci ba. Sai an shafa fatiha an fara watsewa za a hango ka kana saurin gyara hula. Ba ka iya doguwar gaisuwa ba. Idan ka ga dattijo da taba a hannu, ko sa'an mahaifinka ne, sai ka karɓe ta ka taka. Amma kowace Juma'a bayan an sauko, kana zauren Baba da abin awon jini, tsofaffin unguwa sun yi layi suna naɗe hannun riga, kai kuma kana yi musu faɗan gishiri da man shanu. Ni ma ban tsira ba. Ka raba ni da ƙashin miyar da nake tsotsa, kuma har yau ban gama yafe maka wannan ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne 'yan shekaru bayan dawowarka, cikin damina. Baba ya idar da sallar Azahar, ya juyo zai yi addu'a, sai ya dafe ƙirji ya sulale. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Muka ɗauke shi sai asibitin da kake aiki, kuma cikin ikon Allah kana nan. Ka ce jijiyar da ke shayar da zuciyarsa ce ta toshe. Aka yi masa allurar da ke narkar da gudan jini, hanya ta ɗan buɗe, amma zuciyar ta riga ta galabaita. Jininsa sai sauka yake yi, tafin ƙafarsa ya yi sanyi ƙalau. Ka fito ka same mu a baranda, ni da ƙannena da Gwaggo 'Yardada, yayar Baba wadda ta goye shi, ka ce idan ba a samo wa zuciyar nan mataimaki ba, ba lallai ta kai gobe ba.

Mataimakin kuwa wata na'ura ce da ka sha wahala kafin asibitin ya same ta. Ka yi mana bayani dalla-dalla, don kai ba ka taɓa raina hankalin jahili ba. Siririn bututu ne mai doguwar balan-balan a kansa. Ana zura shi ta jijiyar matsematsi, a tura shi sama cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta gangaro ta bayan ciki. Duk lokacin da zuciya ta saki don ta huta, sai na'urar ta hura balan-balan ɗin, ya tura jini ya koma ya shayar da zuciyar. Da ta yunƙuro za ta buga, sai ya saɓe, ya bar mata hanya a buɗe. Da haka take samun sauƙin aiki har ta farfaɗo. Muka ce a yi, me ake jira?

Sai ka zaro tef daga aljihu, ka nufi gadon Baba. Kafin ka kai, Gwaggo ta riga ka. Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ban san lokacin da ta tsallake mu ta tsaya tsakaninka da gadon ba. Ta ce, "Nata'ala, me za ka yi da wannan?" Ka ce tsawonsa za ka auna. Ta ce, "Ba a gabana ba. Ƙanena yana numfashi."

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ce rigimar tsufa ce. Ba ita ba ce. A wurinmu mutum ɗaya ake aunawa a kwance daga kai zuwa ƙafa, shi ne wanda aka rufe wa ido. Shi ake ɗauko wa kara a gwada, a kai wa masu haƙa. Gwaggo ta ga an yi wa iyayenta haka, ta ga an yi wa mijinta da 'ya'yanta biyu. Yanzu kuma ga ƙaninta a miƙe, an lulluɓe shi da farin zane, ga wani ya taho da abin awo. Ni kaina, da na kwana na tashi da tef a wuya, sai da gabana ya faɗi. Ƙanena ya ce, "Dakta, ai ba sai an auna ba, Baba dogo ne, kowa ya sani." Duk muka ce haka ne.

Na ga likitocin da a irin wannan wuri za su sa a fitar da tsohuwa waje, kuma ba za a ce sun yi laifi ba, don lokaci ba ya jira. Kai sai ka mayar da tef aljihu, ka durƙusa a gabanta kamar mai gaisuwar safe. Ka ce, "Gwaggo, in za a ɗinka wa Malam sabuwar riga, ina tela yake fara aunawa?" Ta ce hannu. Ka ce, "Likkafani yana da hannu?" Ta ce babu. Ka ce, "To hannu kawai za a auna, kuma ba ni zan auna ba. Ga ɗansa nan, sana'arsa ce."

Ashe gaban mutum, wato in ya ware hannuwansa daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, kusan daidai yake da tsawonsa. Mu 'yan yadi muna auna gaba tun kakanni, amma ban taɓa sanin haka ba sai a ranar. Ka miƙar da hannun Baba a hankali, ka sa na ɗora tef daga ramin wuyansa zuwa ƙarshen dogon yatsansa, ka ce a ninka biyu. Na auna. Da na ga abin da tef ya nuna, sai na ce ban yarda ba, na sake. Bai canza ba. Baba gajere ne. Tunda nake ban taɓa ganinsa a waje ba rawani da babbar riga ba, kuma ban taɓa tsayawa kusa da shi kaina a ɗage ba. A idona da idon duk Koki, liman dogo ne.

Ka ce da nas ɗin da ke taimaka maka, Sista Talatu, ta ɗauko ƙaramin balan-balan. Nan ma wata sabuwa ta tashi. Gwaggo ta ce, "Ƙarami? Liman guda za a sa wa na yara? In babba ya fi tsada ne, ku faɗa, ba mu rasa ba." Ni ma a raina na goyi bayanta, don a kasuwa mun saba babba shi ne mai ƙarfi. Na ce maka, "Dakta, tunda zuciyar ta yi rauni sosai, ba gara a sa mata wanda zai fi tura jini ba?"

Amsar da ka ba ni har gobe ina iya maimaita ta. Ka ce, "Ado, ka san in tirela ta shigo layinku sauke kaya. In gajeriya ce, ta tsaya a gefe kowa ya wuce. In doguwa ce fa?" Na ce sai ta toshe bakin lunguna, na ciki su kasa fita, na waje su kasa shiga. Ka ce to haka babbar jijiyar nan take. A sama akwai reshen da ya tafi hannun hagu. A ƙasa kuma akwai rassan da ke kai jini tumbi da hanta da hanji da ƙoda. Filin da ke tsakaninsu shi kaɗai ne wurin da balan-balan zai zauna, kuma a jikin gajeren mutum filin nan gajere ne. In aka sa dogo, jelarsa za ta sauko ta rufe bakin rassan ciki. Zuciya za ta yi kyau a allon na'ura, kowa yana murna, alhali hanji yana mutuwa a ɓoye, ƙoda tana bushewa. Ka dubi Gwaggo ka ce, "Ba na son in ceto zuciyar Malam in kashe masa ciki." Gwaggo ta koma ta zauna, ta ce a yi abin da ya dace.

Daga baya Sista Talatu ta gaya mini cewa kusan duk waɗanda ke cikin sito manya ne, don kyauta aka aiko da su daga ƙasashen da mutanensu ƙarti ne. Ƙaramin da aka sa wa Baba kai ka sayo shi da kanka lokacin da ka je wani taro, ka taho da shi cikin kayanka, ka ce wata rana za a kawo gajere. Ba ka taɓa gaya mana wannan ba, kuma da na tayar maka da zancen sai ka ce in bar shi.

Aka sa, na'ura ta kama aiki, tana wani ɗan sauti a kai a kai tare da bugun zuciyarsa. Kafin Magariba jinin Baba ya fara hawa, ƙafarsa ta yi ɗumi, ya buɗe ido ya tambayi ko an yi La'asar. Muka yi ta hamdala. Amma kai ba ka saki fuska ba. Duk shigowar da za ka yi, sai ka ɗora abin saurarenka a kan cikinsa, ka daɗe kana ji, ka danna nan ka danna can, sannan ka sunkuya ka duba jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. Ƙanena ya raɗa mini, "Wai shi Dakta ya manta zuciya ce ke ciwo?" Ka ji shi. Ka ce, "Zuciya tana da allo mai faɗar halin da take ciki. Hanji da ƙoda ba su da shi, sai an je an tambaye su."

Washegari bayan Azahar abin da kake tsoro ya faru. Sista Talatu ta lura fitsari ya tsaya. Baba ya fara cije leɓe yana dafa ciki, cikin kuma ya ɗaure tamau. Ka zo da gudu, ka saurara, ka ce shiru kake ji, hanji ya daina motsi. Ka dube mu ɗaya bayan ɗaya ka ce, "Malam ya tashi zaune?" Baba da kansa ya amsa. Ya ce eh, ya tashi. An gaya masa kada ya lanƙwasa ƙafar da bututun ke ciki, kada kuma ya ɗago, amma da ya ji kiran salla sai ya lallaɓa ya zauna, ya naɗe ƙafafu, ya yi ruku'u da sujada iyakar iyawarsa. Mu da ke wurin kuwa, wa zai ce wa liman kada ya yi salla? Wannan motsin ne ya janyo balan-balan ɗin ƙasa, ya zauna a bakin rassan ciki.

Aka kawo na'urar hoto har bakin gado, hoto ya tabbatar da maganarka. Ka sa aka fitar da mu, ka mayar da shi mazauninsa, ka sake ɗaure shi. Da ka fito ka ce mana an gyara, amma ba ka san ko an makara ba. In ƙoda ta farka za a ga fitsari, in hanji ya farka za a ji kukansa. In ba su farka ba, babu abin da ya rage a hannunka. Na tambaye ka da babban aka sa fa? Ka ce da tun jiya yana zaune a wurin, ba tare da Malam ya motsa ba.

Sauran aikin shi ne Baba, don La'asar tana tafe, kuma mun san halinsa. Ya ce tun da ya balaga bai taɓa yin farilla a kwance ba, ba kuma zai fara yau ba, in mutuwa ce ta same shi da goshi a ƙasa. Na yi magana, ya daka mini tsawa. Gwaggo ta yi, ya kawar da kai. Sai ka jawo kujera ka zauna daidai kansa, ka ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ko a cikin ciwo sai da Baba ya yi murmushi. Ka ce, "Wata rana a zaure na tambaye ka, idan mutum ba shi da ikon tsayuwa fa? Ka ce ya zauna. Na ce idan zaman zai cuce shi fa? Ka ce ya kwanta ya yi nuni, kuma ladansa bai ragu ba. Malam, hukuncin ya canza ne, ko kuwa na almajirai ne ban da malamai?" Ka ƙara da cewa, "Ka yi ta a kwance yanzu, don ka sake yin ta a tsaye." Sai Baba ya ce, "Ɗalibi ya kama malaminsa. A kawo mini dutsen taimama."

Ba ka tsaya nan ba. Ka tara ma'aikata, aka juya gadon gaba ɗaya, da na'urar da wayoyinta da ƙarafunan ruwa, a hankali kamar ana ɗauke da ƙwai, har ƙafafun Baba suka fuskanci alƙibla. Wani ya yi ƙorafin an tare hanya, ka ce a zagaya. A haka Baba ya yi La'asar, yana nuni da kai, hawaye yana gangara masa cikin kunne.

Mu kuma muka zauna gadin jaka. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan zuba wa fitsari ido ina roƙon Allah ya kawo shi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwaggo, wadda ko sunan abin ba ta iya faɗa a gaban maza, ta ja tabarmarta har gindin gado, carbi a hannu, idonta a kan bututu. Rana ta yi sanyi, hadari ya haɗu ya watse, babu komai. Can gab da Magariba sai ta ce, "Ado, zo ka gani, idona ne ko kuwa?" Ɗigo ne yake gangarowa, wani na bin wani. Tsohuwar nan ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa, sai da Sista Talatu ta rufe mata baki tana dariya. Ka zo ka ɗora abin saurarenka a cikin Baba, ka daɗe, sannan ka cire shi daga kunnenka ka sa a nawa. Na ji ƙugi kamar na mai jin yunwa. Ka ce, "Ka ji? Cikin Malam yana neman kunu." A ranar na fara ganin haƙoranka tun da muka shigo asibitin.

Bayan 'yan kwanaki zuciyar ta iya riƙe kanta, aka zare bututun. Baba ya koma gida da ƙafarsa, da ƙodarsa, da hanjinsa, ba abin da aka yanke, ba abin da aka wanke. Kafin azumin shekarar ya koma mihrabinsa. Ya aurar da autarmu, ya raɗa wa jikoki suna, ya sauke littattafai da ɗalibai. Duk wannan Allah ne ya yi, amma ta hannunka ya yi, kuma duk wanda ya ce in rage wannan magana ba zan rage ba.

Na san ba a kan Baba ka tsaya ba. Ka yi ta fama da masu aiko da kayan agaji har suka fara haɗowa da ƙanana. Ka hana a sa wa kowa balan-balan da ƙiyasin ido, ko da mutum ya cika ƙofa. Likitocin da ka koyar sun gaya mini abu biyu ba ka yafewa: a sa ba a auna ba, da a duba allo a manta da ciki. Kuma a sashenka, in dangi suka ga tef suka ɓata rai, ba a jayayya da su, hannu ake aunawa. Har suna suka sa maka a asibitin, Dakta Tela, kana ji kana amsawa.

A 'yan shekarun nan girma ya kama Baba sosai. Ya miƙa limanci ga na'ibinsa, ya koma yin salla a zaune, ko zaure sai an riƙo shi yake fitowa. Kai da kanka ka ce a daina kai masa labarin da zai girgiza shi, don zuciyar da aka lallaɓa ba ta son firgita. Saboda haka ranar Laraba, da na rufe shago na iso gida, ni da ƙannena muka yanke shawarar a ɓoye masa rasuwarka, in ya so bayan kwana biyu a san yadda za a shigar masa da ita. Gwaggo, wadda yanzu ko gani ba ta yi sosai, tana jin mu daga ɗakinta. Ta ce, "Kul! Yaron nan bai taɓa ɓoye wa Ashafa gaskiya ba, ko mai ɗaci. Ku ba za ku ɓoye masa mutuwarsa ba. In kun kasa, ku kai ni."

Ni na shiga. Na durƙusa, na faɗa masa, idona a kan ƙirjinsa, ina jiran abin da nake tsoro. Baba ya yi salati. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa aka sa. Na ce bayan La'asar. Ya ce a ba shi ruwan alwala, a fito masa da rawaninsa. Na ce, "Baba, jikinka." Ya ce, "Jikin nawa wa ya bar mini shi, bayan Allah?"

Muka kai shi Gwammaja a mota. Jama'a ta cika layi har ta fita titi: likitoci, 'yan kasuwa, malamai, da tsofaffin da ka sha karɓe wa taba. Da limamin unguwarku ya ga an fito da Baba, sai ya ja da baya ya ba shi wuri. Muka kawo kujera, ya ture ta da sandarsa, sannan ya miƙo mini sandar ma. Ina bayansa a sahun farko, hannuwana a shirye don in tare shi. Ban tare shi ba. Ya yi kabbara huɗu a tsaye, muryarsa tana kaiwa har sahun ƙarshe, ya yi sallama, sannan ƙafafunsa suka saki muka zaunar da shi.

Hajiya Sa'ida, uwargidan marigayi, ke kika san abin da kika rasa fiye da kowa, kuma ke kika yi haƙurin duk abincin da ya huce yana jiran mai gidan da ke asibiti. Allah ya ba ki ladan wannan, ya sanyaya miki zuciya. Naziru da Hasana, mahaifinku ya bar muku suna mai kyau a cikin birnin nan, kuma ƙofar gidan Malam Ashafa a buɗe take gare ku har abada. Wannan ba maganar zaman makoki ba ce, ku gwada mu ku gani. Ina miƙa ta'aziyyar gidanmu ga 'yan'uwansa, da mutanen Gwammaja, da Sista Talatu da sauran abokan aikinsa, da duk mai zuciyar da ta saba da hannunsa.

A hanyarmu ta komawa Koki, da muka kusa gida, Baba ya dube ni. Ya ce, "Ado, Nata'ala ya ce in yi ta a kwance don in sake yin ta a tsaye. Na yi masa biyayya. Ban san a kansa zan tsaya ba."

Ya Allah, ga bawanka Nata'ala ɗan Ɗalha ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi. Ka sa kowane numfashi da wani ya ja ta dalilinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi, ka raya zuriyarsa bisa tafarkinsa. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Malaminka ya sallace ka a tsaye, Nata'ala. Allah ya jiƙan ka.